Sunan 'Yar Fari A Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata na Islamiyya, da maƙwabta, da duk wadda ta tare ni a gidan suna ta ce sai na ba ta labarin Nijar. Na ba da shi har muryata ta dushe, kuma na lura kowa da irin gishirin da take ƙara masa. Jiya wata ta tambaye ni wai da gaske ne sojoji sun ɗaure ni a kan iyaka. Ba a ɗaure ni ba. Zaunar da ni aka yi a benci, har ruwa aka ba ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, ku huta, ni ma in huta.

Ga wadda ba ta san gidanmu na Ƙofar Sauri ba, 'yata ta fari likita ce. Ta gama karatu, ta yi aure, ta haihu, sai kuma ta ce wai yanzu za ta fara koyon likitancin yara. Ni na ɗauka in an zama likita an gama. Ashe akwai wani karatun da a cikin asibiti ake yinsa, ana juya su kamar waina a tanda: watanni a ɗakin jarirai, watanni a ɗakin kwanciya, sannan sashen gaggawa, inda ake shigowa da yaro a guje. Sai babban likitan kowane sashe ya yarda kin iya sannan a wuce da ke gaba, in kuwa kika bari a tsakiya, shekara ta tafi a banza. Asibitinsu yana musayar masu koyo da wani asibitin yara a Maraɗi, inda damina ke tara masu zazzaɓi da tamowa. Can aka tura ta wata biyu.

Matsalar ita ce ɗanta. Yana rarrafe, amma ban da nono ba abin da ya ɗauka da daraja. Kwalba in an sa masa a baki sai ya dube ki kamar kin zage shi. Surukarta, Hajiya Babba ta Gobarau, mace ce mai kirki, sai dai maganarta ɗaya ce. Ta ce, "Ta tafi da shi, ban hana ba. Amma in aka dawo mini da jika a rame ko da wani tabo, karatun nan ya ƙare, ta zauna ta yi raino." Ta ɗaga shi da hannu biyu ta jijjiga kamar mai cinikin kabewa, ta ce, "Na riƙe nauyinsa a hannuna." Mijin yana wurin aiki a kudu. Malam, mahaifinta, ya dube ni ya ce, "To, sai ki shirya."

Sai na faɗi wani abu a nan, don kada 'yan zamani su rikice. Tunda na haifi yarinyar nan sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce, kuma haka na ga uwata ta yi da yayana. In zan yi maganarta da ƙannenta sai in ce Yayarku, da ta gama karatu na samu sauƙi na koma ce mata Likita. Ita ma ta gado. Ba ta yi wa ɗanta wasa a gabana, in za ta ba shi nono sai ta juya mini baya. Shi kuma yaron sunan Malam aka raɗa masa, don haka nasa sunan ma ya fi ƙarfin bakina. Gida ana ce masa Abba, ni ina ce masa Maigida. Haka muka kama hanya mu uku, ba wanda ke kiran wani.

Da hantsi muka tashi, don kowa ya san hanyar Jibiya ba a yi mata sammako ba a yi mata yamma. Malam ya raka mu tasha, ya yi mana addu'a, ya sake yi wa motar tata daban bayan ya ga ƙofar da igiya ake ɗaure ta. Likita ta shiga gaba, ni da Maigida a baya kusa da wani dattijo mai rungume da talotalo. Kafin mu wuce gari Maigida ya miƙa hannu ya kama jan naman nan da ke lilo a wuyan talotalon. Talotalo ya yi ƙara, Maigida ya yi dariya, dattijon ya ce, "Hajiya, ki yi wa mijinki magana." Na ce, "Ban je ba tukuna, Malam, Allah dai ya kira mu." Wannan gyaran na yi ta yinsa har na dawo, don mutanen hanya da sun ga hijabi mai tsabta sai su kai ki Makka.

Ɓangarenmu na iyaka muka wuce ba wata magana. A ɓangaren Nijar ne wani jandarma, saurayi, Bazabarme, mai ƙaramar Hausa, ya leƙo ta taga. Ya ƙirga mu da ido, ya tsaya a kan yaron.

"Yaro na wa?"

Na dubi bayan kan Likita. Likita ta dubi ƙafafunta. Ni ba zan ce ɗan 'yata ba ne tana zaune, ita kuma ba za ta ce nawa ne ina zaune ba.

"Madam, na ke?" ya tambaye ni.

Na ce, "A'a, Allah ya sawwaƙe, da girmana?"

Ya zagaya gaba. "Na ke?"

Ta yi wani ɗan guntun sauti wanda ba e ba ne ba a'a ba ne, ta fara laluben jaka. Ya dawo kaina. "Suna na yaro?" Na ce Abba. Ya ce suna na gaskiya. Na yi shiru. Ya nuna Likita ya ce to ita wannan sunanta. Na sake yin shiru, har da kau da kai.

Ku tsaya a matsayinsa. Ga mota, ga jariri ƙato, ga mata biyu, ɗaya ta ce ba nata ba ne, ɗaya ta ƙi magana, babu wadda ta san sunan kowa. Wallahi ban ga laifinsa ba, aikinsa yake, kuma ana satar yara. Ya sauke mu. Nan ne aka zaunar da ni a benci. Direba yana ta cewa, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne, ita ma 'yar fari ce," shi kuwa yana cewa bai tambayi fari ko baƙi ba. Likita ta fito da takardu tana Turanci, shi yana Faransanci, talotalo yana nasa. Maigida ne ya raba gardamar. Yunwa ta taso masa, ya ƙwalla ƙara, ya wuntsilo daga hannuna ya kama hijabin uwarsa yana tura kai ciki. Wani babban jami'i, dattijo Bahaushe, ya fito ya ji bayani, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Bar su su tahi. Katsinawa ne. Uwata har ta rasu ba ta san ina da suna ba."

Mun sauka a gidan wata gwauruwa, Hajiya Mariyama, ita kam Hajiyar gaske ce, bayan asibitin kaɗan. Da ta buɗe baki sai na ji kamar kakata ta dawo duniya. "Kun zo lahiya? Mi kunka gani bisa hanya?" Ta ce mu da su duk abu guda ne, su Katsinawan da sunka yi fushi ne, mu waɗanda munka zauna. Ɗakin tsaf, da gidan sauro, da randa. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba komai, ya hau babur. Ranar farko na gatsa sai da dasashina ya yi jini, sai Hajiya ta nuna mini tsoma shi ake a shayi. Da rana ta take kuma gari sai ya mutu, kowa ya rufe shago ya kwanta, ko allura kike nema sai la'asar. Amma fura kam, ku yi haƙuri, sun fi mu. Na faɗa, kuma a gaban kowa zan maimaita.

Tsarin da muka yi shi ne, tunda Likita ba ta da ikon barin sashe in tana kan aiki, ni zan riƙa kai mata Maigida ya sha. Akwai wata baranda a baya inda za ta fito ta ba shi a tsaye ta koma. Sai dai ƙofar sashen guda ce, kuma a bakinta akwai tebur. Duk yaron da aka shigo da shi a nan ake fara duba shi, a ga wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Masu koyon su ke zama a teburin, kuma duk Litinin ake canza su.

Wanda na fara tararwa sunansa Dakta Isufu, dogo siriri mai tabarau, makonsa na farko ke nan. Ban gama sallama ba ya karɓe yaron, ya tuɓe shi, ya ɗora a sikeli. Ya dubi sikelin, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya ɗauko wani ɗan tef mai ja da rawaya da kore ya naɗa masa a damtse, tef ɗin ya wuce koren ya kusa ƙarewa. Sai ya fara danna ƙafarsa da babban yatsa, wai ko kumburi ne.

"Hajiya, mi ke damunshi?"

"Ban je ba tukuna. Yunwa yake ji."

Ya ajiye biro. "Yunwa? Wanga? Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Ina uwarshi?"

"Tana ciki."

"An kwantar da ita?"

"Aiki take."

"Mi sunanta?"

Na gyara hijabi. Na ce, "Likita."

Ya ce, "Inna, nan duk wanda kika jefa da dutse likita ne. Wace?"

Kafin a jima likitoci huɗu sun kewaye sikelin suna Faransanci, wannan ya ɗaga hannunsa, wannan ya leƙa idonsa, Maigida kuwa yana kwance tsirara yana wasa da igiyar da suke sauraren ƙirji da ita. Sai ga Likita ta zo wucewa da ledar ƙarin ruwa a hannu. Ta tsaya. Ta gan ni, ta ga ɗanta a sikeli. Ta matsa kusa da Dakta Isufu ta yi masa raɗa, ba ta ko dubi yaron ba. Dariyar da aka yi ranar har masu shara sai da suka leƙo.

Na ɗauka an gama. Litinin ta zagayo, sabuwar fuska a tebur, wata 'yar budurwa mai saurin hannu. Aka tuɓe Maigida, aka ɗora a sikeli, aka danna ƙafa, aka tambaye ni sunan uwa. Wata Litinin, wani. Har ya saba, da mun doshi teburin sai ya fara ɗaga hannu a cire masa riga. Daga baya babbar likitar sashen, wata Madam mai furfura da ba ta dariya, ta ji labari ta aiko a ba ta aronsa. Wai ɗalibanta sun daɗe ba su taɓa cikin yaro mai lafiya ba, har sun fara mance yadda yake. Aka jera su, kowa ya zo ya shafa cikin Maigida ya saurari ƙirjinsa. Ina gefe ina karanta masa Falaƙi da Nasi, don baki ba a raina shi ko na likita ne.

Ina ba ku dariya, amma wurin nan ba wurin dariya ba ne. Na ga yaran da damtsensu bai fi babban yatsana ba. Na ga uwa ta shigo a guje ɗankwali a hannu, ta fita a hankali da goyon da ba ya motsi. Tun ina shiga da Maigida a buɗe har na koma lulluɓe shi da hijabi, don kunyar ƙibarsa nake ji a gaban matan nan. Su kuwa ba ruwansu, sai su ce in buɗe su gani, su ce tubarkalla, su tambaye ni me nake ba shi. A nan na san Habsu, wata 'yar ƙauye da ta zo da ɗanta kamar tsumma. Kullum muna benci ɗaya. Kuma a nan na fara ganin aikin da yarinyar nan take yi. Ta leƙa jijiyar da ni ban ga komai ba ta sa allura, ta fito barandar gumi har gira, ta juya mini baya ta ba shi nono, wani lokacin kafin ya ƙoshi an kira ta.

Wata rana na zo wucewa ta wani ɗaki ƙofa a buɗe, sai na hango Dakta Isufu ya kifa jariri a kan hannunsa, kai ƙasa, yana dukan bayansa da tafin hannu. Ba shafa ba, duka. Sauran suna tsaye suna kallo, har da Likita, Madam kuma tana cewa ya ƙara ƙarfi. Jaririn ko motsi. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Na ce, "Innalillahi! Ku ji tsoron Allah! In ya rasu ku ba uwarsa shi mana!" Na fizge shi na rungume. Sai na ji shi da sanyi da tauri, ido a buɗe, yana warin sabon bokiti. Ɗan roba ne. Da shi suke koyon yadda ake ceto yaron da abu ya sarƙe.

Likita ta rufe fuska da tafin hannu. Madam ta tambayi abin da na ce, aka fassara mata, aka ce ranar ne aka fara ganin haƙoranta. Ni dai na ajiye shi na fita. Amma abin ya tsaya mini, don na ga inda suke jefa shi in sun gama, cikin kwali, tsirara. Na san roba ne. Duk da haka sai da na ɗinka masa 'yar riga da ragowar atamfa, na ba mai shara ta sa masa. Har muka taho da rigarsa ake dukansa.

To akwai shugabar ma'aikatan jinya, su Majo suke ce mata, Majo Zainabu, gajera mai murya kamar ta gidan rediyo. Ita ce ta gaji. Ta ga layi ya yi tsawo ana auna Maigida karo na ban san adadi ba, ta tara masu koyo duka ta ce, "Ku dube su da kyau. Tsohuwar nan ta Najeriya da ƙaton jikanta ba marasa lahiya ba ne. Duk wanda ya sake ɓata lokaci bisa kansu, ni da shi." Kalmar tsohuwa ta ɗan sosa mini rai, amma na ji daɗin dokar. Daga ranar, da an hango hijabina sai a ce, "Inna, wuce bencinki," ko kai ba a ɗagawa.

Saura kaɗan mu gama aka sallami ɗan Habsu. Ya yi kumatu, yana zama da kansa. Ta rasa abin da za ta ba ni, sai ta kwance bakin zanenta ta zuba mini aya cikin tafin hannu. Na ƙulle a gefen mayafin da nake goyo da shi, muka yi sallama muna kuka. Na zauna gindin bishiyar bedi a ƙofar asibitin ina jiran lokacin shan nono, Maigida a cinyata, ina jan carbi ina kallon Habsu har ta sha kwana.

Shirun ne ya sa na duba. Yaron nan ba ya shiru. Na ga ƙullin mayafin a kwance, jiƙe da yawu, aya a warwatse. Bakinsa a buɗe kamar mai kuka, amma ba sauti. Idanunsa sun fito, leɓɓansa sun fara canza launi.

Na sure shi na ruga. Mai gadi ya ce, "Inna, yau da sauri haka?" ya buɗe mini. A tebur wani sabo ne, ranar Litinin ce. Ya hango hijabina ta gefen ido, ya ci gaba da rubutu.

"Inna, wuce bencinki."

Na ce, "Ɗana, duba mini shi."

"Majo ta hana. Lahiyarshi lau, kowa ya sani."

Na wuce shi na faɗa cikin sashen. Gadaje ko'ina, fararen riguna ko'ina, kowa ya ba ni baya. Na ce, "Likita!" Mutum biyu suka waiwayo, suka ga ni ce, suka yi murmushi suka juya. Na sake cewa, "Likita!" Tana can ƙarshen ɗakin ta sunkuya a kan wani yaro. A wurin nan kalmar nan ba ta fi ƙarar fanka ba. Jikinsa ya fara saki a hannuna.

Sai na kira ta. Sunan da aka raɗa mata ranar da aka yanka ragonta, wanda na ji daga bayan labule ban taɓa maimaitawa ba, shi na ɗaga murya na faɗa, har bangon ya amsa.

Ba ta waiwayo ta duba ko wace ce ba. Da gudu ta juyo, ta ture wani tebur, kwanoni suka zube. Ta fizge shi daga hannuna, ta kifa shi a kan damtsenta kai ƙasa, ta daki tsakanin kafaɗunsa. Dukan nan dai da na hana a yi wa ɗan roba. Ta daka, ta sake dakawa. Ni ina durƙushe ina Ya Hayyu Ya Ƙayyum. Ta juyo shi ta danna ƙirjinsa da yatsu, ta sake kifa shi ta daka. Sai ayar ta yi tsalle ta bugi tabarau ɗin Dakta Isufu, wanda ya iso da gudu, ta gangara ƙarƙashin gado.

Kukan da ya biyo baya, ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Ita kuma ta manna shi a ƙirji tana sumbatar kansa a gabana, tana kiran sunansa na gaskiya, sunan mahaifinta, tana maimaitawa. Abin da muka yi shekaru muna riƙo, ni da ita, cikin ɗan lokaci muka zubar da shi a tsakar ɗakin mutane, kuma ba wadda ta tuna da kunya.

Suka karɓe shi suka duba shi ciki da waje, wannan karon da dalili. Bayan an ce ba komai, na same ta a baranda zaune a ƙasa, shi yana shan nono, ba ta juya mini baya ba. Ta ce, "Inna, mu tafi gida. Hajiya Babba ta yi gaskiya. Na bar karatun."

Na ce, "Ke, da a Ƙofar Sauri abin nan ya faru, kin san me zan yi? Ruwa zan ɗura masa, in zura yatsa in ƙara tura ta ciki. Hannun da ya fitar da ayar nan a ina ya koya? Gama ba shi ki tashi, kin bar ɗan mutane a gado."

Ta yi kuka mai isarta, ta miƙo mini shi, ta wanke fuska ta koma.

Washegari Majo ta sake tara su. Ta ce dokar da ta kafa ta mutu, duk yaron da ya ƙetare ƙofar nan sai an dube shi, ko ɗan Madam ne, ko ɗan roba ne. Saboda haka har ranar da muka taho kullum sai an tuɓe Maigida an ɗora a sikeli, shi kuwa murna kamar an maido shi sarauta. Ba wanda ya sake tambayata sunan uwarsa. Duk sun ji. Madam ta yarda Likita ta iya, ta sallame ta da hannu biyu.

A dawowa jandarman nan ne dai a kan iyaka. Ya leƙo, ya gan mu, ya ce, "Yaro na babu kowa!" ya ɗaga mana hannu.

Ba mu sauke kaya ba sai da muka biya Gobarau. Hajiya Babba ta karɓe shi ta jijjiga, ta sake jijjigawa, ta ce, "Ya ƙaru." Ta tuɓe shi ta duba, ba tabo. Ta ce, "Ba abin da ya same shi dai ko?" Likita ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Na ba ta labarin aya tun daga ƙullin mayafi har ƙarƙashin gado. Ta saurara har ƙarshe. Can ta jawo matashin kai ta miƙa wa Likita ta ce, "Nuna mini yadda kika yi." Aka nuna mata. Ta kifa matashin a hannu ta daka, aka ce ta ƙara ƙarfi, ta ƙara. Ta ajiye tana haki ta ce, "Saura sashe nawa ki gama?" Aka faɗa mata. Ta ce, "To ki gama. Amma aya ba ta ƙara shiga gidan nan."

Da yamma Likita ta rako ni gida. Ina cikin kicin ina hura wuta ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da labule kamar wata ƙaramar yarinya.

Ta ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Tafi can. Wa ya yi naƙudar?"

Ta ce, "Wallahi ban ga yaron ba lokacin. Muryarki kawai na ji. Na ce in dai Inna ta faɗi wannan, to rai ne." Ta saki labulen. "Sake faɗa mana in ji, sau ɗaya, yanzu da ba kowa."

Na ci gaba da fifita wutar, hayaƙi yana shiga mini ido. Masu karanta wannan kuna neman sunan a cikin rubutun nan ku daina, ba ya ciki.

Na ce, "Allah kada ya sake kawo ranar da za ki ji shi a bakina."

Ta ce, "Amin, Inna."